Yadda Ake Shirya Tafiya a Tsohon Jirgin Ƙasa Mai Tururi a Kan Babban Layin Birtaniya

Ranar 11 ga Agusta, 1968, hukumar jiragen ƙasa ta Birtaniya ta sallami tururi. Jirgin fasinja na ƙarshe da kan jirgi mai cin kwal ya ja ya tashi daga Liverpool, ya bi ta Manchester zuwa Carlisle ya dawo, washegari kuma aka haramta wa irin waɗannan injuna hawa babban layi. Wani kan jirgi mai suna Flying Scotsman kaɗai ya tsira, domin mai shi yana riƙe da tsohuwar yarjejeniya da hukumar. Haramcin bai yi ƙarko ba. A watan Oktoban 1971 aka bar wani kan jirgi mai suna King George V ya fito gwaji, mutane suka yi dafifi a tashoshi, daga nan ƙofa ta buɗe. Yau da wuya mako ya wuce a lokacin zafi ba ka ji wani tsohon inji ya kwashi fasinja ɗaruruwa ya bi layin da jiragen lantarki ke bi ba.

Wanda yake son shiga irin wannan tafiya, ko yana zaune a can ko ziyara ta kai shi, akwai abu ɗaya da ya kamata ya riƙe tun farko: tsohon jirgin baƙo ne a kan layin. Masu gida su ne jiragen zamani masu kai mutane aiki da masu dakon kaya. Duk abin da zai ba ka mamaki a ranar, daga tashin asuba zuwa tsayuwar da ba ka ga dalilinta ba a tsakiyar gonaki, daga wannan baƙuntar ya samo asali. In ka shirya da sanin haka, ranarka za ta yi daɗi.

Mataki na farko: san abin da kake saye

Tafiyar tsohon jirgi iri biyu ce, kuma mutane na yawan haɗa su. Akwai ƙananan layukan tarihi da ƙungiyoyi suka saya suke gudanarwa da kansu, kamar Severn Valley mai mil 16 tsakanin Kidderminster da Bridgnorth. A irin waɗannan doka ba ta yarda a wuce mil 25 a awa ba, wato kilomita 40. Suna da araha, kuma da yara za ka iya zuwa ku dawo kafin la'asar. Akwai kuma tafiyar babban layi, wadda ita muke magana a kai: yini guda cur, mil ɗaruruwa, inji yana gudun da aka ƙera shi dominsa. Manyan injuna masu dogayen ƙafafu an yarda musu mil 75 a awa, kimanin kilomita 120. Masu matsakaitan ƙafafu irin Black Five iyakarsu mil 60.

Hannaye huɗu ne ke cikin kowace irin wannan tafiya, kuma sanin su zai amfane ka ranar da wani abu ya canza. Mai injin daban, sau da yawa ƙungiyar masu sha'awa ce da ke tara gudummawa. Kamfanin da ke da lasisin tafiyar da jirgi, mai kawo direba da fayaman (mai zuba kwal a wuta) da gadin jirgi, shi ma daban, kamar West Coast Railways da ke Carnforth, ko Locomotive Services da ke Crewe, ko Vintage Trains da ke Tyseley a Birmingham. Sai mai tallar tafiyar da sayar da tikiti, irin su Railway Touring Company da Steam Dreams da Saphos Trains da UK Railtours. Na huɗu shi ne Network Rail, mai dogon kansa, wanda shi ke cewa ga lokacin da za ku wuce, ga inda za ku raɓe. Wanda ya karɓi kuɗinka ba shi ne mai injin ba, ba kuma shi ke da hanyar ba. Shi ya sa a ƙasan kowace talla za ka ga an rubuta da ƙananan baƙaƙe cewa ana iya canza inji ko hanya ko lokaci.

Mataki na biyu: zaɓi hanya kafin ka zaɓi inji

A nan ne yawancin sababbi ke kuskure. Sukan ga sunan inji mai farin jini su biya, ba su duba ina za a bi ba. A ganina hanya ce gaba, saboda dalili biyu. Na farko, ana iya canza maka inji ana gobe tafiya, amma tsauni yana nan inda yake. Na biyu, injin tururi a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa kusan shiru yake tafiya. Sai ya gamu da hawa yake buɗe murya, fayaman ya duƙufa da shebur, hayaƙi ya miƙe sama, kowane bugu ka ji shi a ƙirjinka. Wannan sautin shi ne abin da ka biya.

In hawa kake nema, layin Settle zuwa Carlisle a arewacin Ingila ba shi da na biyu. Tsawonsa ya ɗan haura mil 70, an buɗe shi ga fasinja a 1876, an so a rufe shi a shekarun 1980 har jama'a suka tashi tsaye gwamnati ta janye a 1989. Daga Settle jirgi zai kama hawa na kusan mil 15 babu sassauci, a kowace mita 100 ana ɗaguwa mita 1. A kan takarda wannan ba komai ba ne, amma ga ƙafar ƙarfe a kan dogon ƙarfe, da tarago goma sha ɗaya ko sha biyu a baya, aiki ne ja. Kusa da ƙarshen hawan ne za ku ratsa gadar Ribblehead mai baka 24, tsawonta mita 400, tsayinta mita 32, ba komai kewaye da ita sai ciyawa da tumaki da iska. Ƙololuwar layin tana Ais Gill, ƙafa 1,169 sama da teku. Akwai tafiyar da ake kira Cumbrian Mountain Express wadda kan haɗa wannan layi da hawan Shap a kan babban layin yamma, inda tudun ya fi tsanani, mita 1 a kowace 75. Ana zuwa ta ɗaya a dawo ta ɗayan. In sau ɗaya za ka yi irin wannan tafiya a rayuwarka, ita zan nuna maka.

Amma ka karanta tallar da kyau. Tafiya da yawa da ke tashi daga Landan ba tururi ke jan su tun daga farko ba. Injin lantarki ko na dizal ne zai kai ku Crewe ko Preston ko Carnforth, can ne za a ɗaura mai kwal. Ba yaudara ba ce, a rubuce take, kuma da dalili: kudancin wancan layi cike yake da jirage masu gudun mil 125 a awa, babu gurbin da za a saka mai mil 75 a tsakaninsu. Abin da za ka nema a tallar shi ne daga ina zuwa ina tururi zai ja, kuma mil nawa ke nan.

Wanda ba ya son yini mai tsawo haka, ya duba Jacobite a yammacin Sikotland, daga Fort William zuwa Mallaig, mil 41 zuwa, 41 dawowa. Tururi ya koma wannan layi tun 1984, kuma jirgin kan yi zirga-zirga kusan kullum daga bazara zuwa kaka. Yana bi ta gadar Glenfinnan mai baka 21, wadda fina-finai suka sa duniya ta sani, don haka kujerunsa kan ƙare watanni kafin lokaci. A wajen zuwa, kujerar hagu ce ke ganin lanƙwasar gadar. A wajen dawowa injin da baya yake tafiya, domin babu wurin juya shi a Mallaig. Akwai kuma Shakespeare Express daga Birmingham zuwa Stratford-upon-Avon a wasu ranakun Lahadi, gajeriyar tafiya ce mai sauƙin kuɗi, ta dace da gwajin farko.

Mataki na uku: injunan

Flying Scotsman ne sunan da kowa ya sani. An ƙera shi a Doncaster a 1923 bisa zanen Nigel Gresley, kuma shi ne injin tururi na farko da aka tabbatar a hukumance ya kai mil 100 a awa, a watan Nuwamban 1934. Alan Pegler ya saye shi fam 3,000 a 1963 lokacin da ake shirin yanka shi. Ya je Amurka, ya je Ostireliya, gidan tarihin jiragen ƙasa na York ya saye shi a 2004 kan fam miliyan 2.3, gyaransa ya ci shekara goma da fiye da fam miliyan 4 kafin ya dawo a 2016. Duk tafiyar da sunansa ke kai ta fi tsada, kuma kowace tasha cunkushe take. In ganinsa ne burinka, babu laifi. In jin aikin inji ne, akwai waɗanda ba su gaza shi ba.

Tornado, mai lamba 60163, labarinsa daban. Injuna 49 na irinsa duk an yanka su a shekarun 1960, sai wasu masu sha'awa suka yi ta tara kuɗi kaɗan-kaɗan har suka ƙera sabo fil a Darlington, aka gama a 2008. A watan Afrilun 2017 ya kai mil 100 a awa a wani gwajin dare. Sir Nigel Gresley, mai lamba 60007, ɗan'uwan Mallard ne, wanda ya kafa tarihin mil 126 a awa a 1938. Mallard ɗin yana ajiye a York ba ya motsi, amma ɗan'uwan nasa yana fita. Clan Line kan ja jirgin alfarma na British Pullman daga tashar Victoria a Landan. Clun Castle na Tyseley ne. Sai Black Five, baƙaƙen injuna marasa ado da aka ƙera 842, guda 18 suka tsira. Su ne jakunan wannan harka, kuma a kan tudu, da yake ƙarfinsu bai kai na manyan ba, sun fi kowa kuka. Masu sanin abin ba sa ɓata rai in aka ce Black Five ne zai ja.

Da yawa daga injunan da ke yawo yau daga bola aka tsamo su. Wani filin 'yan gwangwan a Barry da ke Wales, na Woodham Brothers, ya sayi injuna kusan 300 don yankawa, amma ya shagala da yanka tsofaffin taragun kaya da suka fi sauƙi. Injunan suka yi shekaru suna tsatsa a bakin teku har masu sha'awa suka fanshi 213.

Kada ka raina na dizal. Su ma sun tsufa, suna da nasu masoya, kuma tafiyarsu kan fi araha da nisa, tun da ba sa tsayawa shan ruwa. Deltic shi ne sarkinsu: 22 kacal aka ƙera a 1961 da 1962, kowanne da inji biyu na Napier masu ƙarfin doki 3,300 a haɗe, irin injin da aka fara yi don ƙananan jiragen ruwan yaƙi. An ajiye su a farkon 1982, shida suka tsira, kuma rurinsu ba ya kama da na kowa. Akwai samfurin 37, da aka ƙera 309, wanda masoyansa ke kira tarakta saboda gurnaninsa. Akwai samfurin 40 mai fito, da samfurin 50, da wani mai suna Western Champion. Ga wanda ya tashi kusa da tashar Kano ko Zariya ko Kaduna akwai ɗan zumunci a nan: masana'antar Vulcan Foundry da ke Newton-le-Willows, wadda ta ƙera Deltic da yawancin samfurin 37, ita ce ta ƙera wa reluwen Najeriya wasu injunan tururi masu sunayen koguna a ƙarshen shekarun 1940.

Mataki na huɗu: lokacin shekara

Hankali zai ba ka cewa tsakiyar zafi, Yuli da Agusta, ya fi. Rana na daɗewa, kana ganin ƙasa har ƙarfe tara na dare. Amma a nan gizo ke saƙar. In aka yi makonni babu ruwan sama, ciyawar gefen dogo ta bushe, tartsatsin kwal na iya tayar da gobara. Sai Network Rail ya ce ko dai a sa injin dizal ya yi yawancin aikin mai tururi yana gaba yana ado, ko a cire tururin gaba ɗaya. Ka biya don jin bugu a kan Ais Gill, ka ƙare da jin gurnanin dizal.

Lokacin sanyi babu wannan fargaba, kuma tururi a iska mai sanyi yakan tashi fari tas kamar auduga. Matsalarsa gajeriyar rana: a Disamba ƙarfe huɗu na yamma duhu ya yi, rabin tafiyar fuskarka kawai za ka gani a gilashi. Kaka kuma ganye na zuba a kan dogo ya zama santsi, ƙafafu su yi ta sulɓi, don haka sau da yawa ana ɗaura dizal a baya ya taimaka. Ni dai Maris zuwa Mayu na fi so, sai Satumba.

Mataki na biyar: tikiti, kujera da abinci

A shafin intanet na kamfanin da ke tallar tafiyar ake saye, ba a tagar tasha ba. Tikitin jirgin yau da kullum ba ya aiki a nan, katin rangwame ma haka. Ka saya wata biyu ko uku kafin lokaci in tafiyar mai suna ce. Ka kuma karanta sharuɗɗan maido da kuɗi kafin ka biya: me za a yi in an soke tafiyar, me za a yi in an canza inji, me za a yi in dizal ya ja duka. Galibi canza wani mai tururi da wani ba ya jawo a maido maka da ko sisi. Tsarin biyan diyyar jinkiri na jiragen yau da kullum shi ma bai shafi wannan ba.

Aji uku aka saba yi. Na talaka kujera ce a tebur na mutum huɗu, ka zo da guzurinka, akwai kuma ɗan kanti a cikin jirgin mai shayi da abin taɓawa. Na ɗaya kujera ce mai faɗi, da shayi da ɗan abin ci. Na cin abinci shi ne mai tebur da farin ƙyalle, karin kumallo da safe, abincin dare kashi-kashi a dawowa, kuɗinsa kan ninka na talaka biyu ko uku. Taragun da yawa na shekarun 1950 da 1960 ne, masu katako a ciki da ƙananan tagogi na sama da ake turawa. Irin waɗannan su ne masu daɗi, domin sauti da ƙamshin kwal na shigowa. Akwai kamfanonin da ke amfani da taragu masu na'urar sanyaya ɗaki da tagogi a rufe ruf. Sun fi natsuwa, amma injin zai zama kamar a talabijin kake kallonsa an kashe murya. Ka tambaya kafin ka biya.

In ajin abinci ka zaɓa kuma kai Musulmi ne, ka yi magana tun wajen sayen tikiti, ba a cikin jirgi ba. Karin kumallon Ingila na gargajiya da naman alade yake zuwa, kicin ɗin jirgin kuma ɗan ƙarami ne, an ƙidaya faranti tun kwanaki kafin tafiya. Mafi sauƙi ka nemi abincin marasa cin nama, ko na kifi in suna yi, ka kuma ce ba ka son abin da aka dafa da giya. Makwabtanka a tebur za su iya shan tasu, wannan ka sani tun yanzu. In ku biyu ne kuma kuna son sirri, akan sayar da teburin mutum biyu da ƙarin kuɗi.

Batun wurin zama yana da ɗan sarƙaƙiya. Kowa na son kusa da inji, amma taragon da ke bin injin kai tsaye na ma'aikatansa ne, masu mai da shebur da kayan gyara. Bayansa fasinja ke farawa. Kuma wanda yake gaba a wajen zuwa sau da yawa shi ne a wutsiya a wajen dawowa, tun da injin kan koma ɗaya ƙarshen. Kamfanoni ba sa alkawarin tarago, amma ba laifi ka roƙa. In za ka roƙa, ka nemi zama gaba a ɓangaren da hawan yake. Mai keken guragu ko mai wahalar hawa matakala ya kira kamfanin tukuna, domin ƙofofin tsofaffin taragu matsattsu ne.

Wanda zai taso daga Najeriya ko Nijar ko Gana sai da bizar ziyara. Kada ka sayi tikitin da ba a maido da kuɗinsa kafin biza ta fito, kada kuma ka gina dukan tafiyarka a kan jirgi ɗaya. Ka ware rana ta biyu don York, inda shiga gidan tarihin jiragen ƙasa kyauta ne, ko don wani ƙaramin layin tarihi, ko da babbar tafiyar ta rushe.

Mataki na shida: makon ƙarshe

Lokacin da ka gani a talla hasashe ne. Tabbataccen lokaci yakan zo ne kwanaki kaɗan kafin tafiya, tare da lambar taragonka da kujerarka, kuma yana iya matsawa gaba da awa guda ko fiye. Saboda haka kada ka dogara da jirgin farko na safe ya kai ka tashar da za ku tashi. Ka kwana kusa da ita, ko ka je da mota.

Ana gobe tafiya ne injiniya mai zaman kansa ke duba injin daga sama har ƙasa: tukunya, birki, ƙafafu, da na'urorin zamani da doka ta tilasta a saka wa ko da injin 1923, wato mai gargaɗin sigina, mai taka birki da kanta in direba ya wuce jan wuta, mai naɗar bayanan tafiya, da rediyon magana da ɗakin sigina. In ɗaya ya gaza, injin ba ya fita. Tukunyar kanta takardar izininta ba ta wuce shekara goma, daga nan sai an warware ta gaba ɗaya, aikin da kan ci ɗaruruwan dubban fam. Shi ya sa inji kan ɓace shekaru sannan ya dawo. Akwai kuma matsalar faɗi: in an yi wa dogo gyara ya ɗan matsa kusa da dandamalin tasha, inji mai faɗin kafaɗa ba zai wuce ba, sai a kawo wani.

Da safen ranar ka buɗe shafin intanet na Realtime Trains mai nuna lokutan jirage, ka sa sunan tasharka. Jiragen haya irin wannan lambarsu kan fara da 1Z. Za ka ga kowace mahaɗa da minti nawa aka ware, da inda aka tsara ku tsaya.

Abin ɗauka kaɗan ne. Tufafi masu duhu, domin ɓurɓushin kwal ba ya tausayin farar shadda. Rigar sanyi ko da rani ne. Ruwan sha, batirin cajin waya tun da tsofaffin taragu da yawa ba su da soket, da tabarau in kana son zama kusa da buɗaɗɗiyar taga. Sallar Azahar da La'asar yawanci za su same ka a garin da aka sauka, inda akan ba da awa biyu zuwa huɗu, don haka ka duba masallaci mafi kusa tun daga gida.

Mataki na bakwai: a cikin tafiyar

Ka isa da rabin awa. In a tasharka ake ɗaura injin, je ka gaba ka gan shi, ka ji zafin da ke fitowa daga ɗakin direba, amma ka koma taragonka da wuri. A tashoshin kan hanya minti biyu ko uku kawai ake tsayawa, kuma jirgin ba ya jiran kowa, domin in ya rasa gurbinsa sai ya bi bayan jirgin da ke tsayawa a kowace tasha.

Za ku tsaya shan ruwa. A zamanin da, akwai dogayen kwatamai tsakanin dogo da inji ke kamfatar ruwa yana gudu, da famfuna a kowace babbar tasha. Kusan duk an cire su da ƙarewar zamanin tururi. Yanzu galibi tankar mota ce ke jira a wani wuri da aka shirya, a ja tiyo a cika. Tankin Tornado na ɗaukar galan kusan 6,000 da kwal tan 7 da rabi, kuma ruwa ne ke fara ƙarewa, shi ya sa ba a cika wuce mil 100 ba a tsaya ba. A layin Settle, Appleby da Hellifield ne wuraren da aka saba. In a dandamali aka tsaya kuma aka ce a sauka, wannan ce damarka ta hoto. In a layin gefe ne, ƙofofi a kulle suke, ka zauna. Kwal ɗin ma yanzu yawanci daga waje ake shigo da shi. Babbar mahaƙa mai zurfi ta ƙarshe a ƙasar, Kellingley, ta rufe a 2015, ta Ffos-y-fran a Wales da ke ba da kwal mai kyau na tururi ta bi ta a 2023. In ka ga hayaƙi ya yi baƙi ƙirin ko inji yana haki a kan tudu, wani lokaci laifin kwal ɗin ne.

Za kuma ku raɓe a layin gefe, wani lokaci minti ashirin, jirage biyu ko uku su wuce ku kamar walƙiya. Ba lalacewa aka yi ba, baƙo ne ke ba masu gida hanya. Kada kuma ranka ya ɓaci in ka ga dizal a wutsiya. Sau da yawa aikinsa ba da wuta da ɗumi ga taragu ne, da jan jirgin baya a tashar ƙarshe, da zama cikin shiri ko da wani abu ya faru.

Leƙa kai ta taga, wanda a da shi ne rabin daɗin, yanzu an hana. Akwai masu kula a bakin ƙofofi, kuma suna iya sauke mai taurin kai. Gadoji da sandunan sigina da rassan itatuwa sun fi kusa da yadda ido ke nunawa. Ka tura ƙaramar tagar sama, ka kasa kunne. Kafin a kama hawa za ka ga hayaƙi ya yi kauri, fayaman ke gina wuta. Sannan bugun zai fara nauyi, gudu yana raguwa sauti yana ƙaruwa. Inji mai silinda biyu bugu huɗu yake yi a kowane juyin ƙafa, mai uku irin Flying Scotsman da Tornado bugu shida, kamar kiɗan da aka ƙara wa sauri. In ka ji sautin ya haukace farat ɗaya sannan ya yanke, ƙafafu ne suka sulɓe, direba ya rufe tururi ya zuba yashi a kan dogo ya sake buɗewa a hankali. Za ka ga dattawa a tebur da agogo da littafi suna rubuta mintin da aka wuce kowace alama. Ka yi musu tambaya ɗaya, za su ba ka labarin awa guda.

Akan zagayo da akwatin gudummawa ko ƴan kayan tsaraba na ƙungiyar da ke riƙe da injin. Yawancin waɗanda ka gani da baƙin mai a fuska ba a biyansu, kuma tun jiya suke kan injin, domin tukunya mai sanyi a hankali ake ɗumama ta, awanni da yawa, kada ƙarfe ya tsage.

In kallo kawai za ka yi

Ba dole sai ka shiga ba. Wanda ke cikin jirgi ma ba ya ganin injin sai a lanƙwasa. Da Realtime Trains a hannu za ka iya tsayawa a dandamali ko kan gada ko hanyar ƙafa ta jama'a, kyauta. Ka zo da wuri, domin wani lokaci jirgin kan riga lokacinsa. Abin da ba a yi shi ne tsallake shinge. Tarar shiga dogo tana kai fam 1,000, kuma layin da kake tsaye kusa da shi jirgi mai mil 125 a awa na iya biyowa ta bayanka, ba ka ji ba saboda hankalinka na kan tururi. Ranar 25 ga Fabrairu, 2016, da Flying Scotsman ya yi fitowarsa ta farko daga King's Cross zuwa York bayan gyara, sai da aka tsayar da shi kusa da St Neots saboda masu hoto da suka hau dogo, sauran jiragen layin ma suka tsaya.

Dawowa

A garin da aka sauka, ka koma tasha da rabin awa kafin lokaci, ka duba allo, domin ba lalle a dandamalin da kuka sauka za ku tashi ba. Ka tuna taragonka yana iya komawa ɗaya ƙarshen. Dawowar dare ita ce inda jinkiri ke taruwa: minti goma a wajen ruwa, minti goma sha biyar wajen cire mai tururi a ɗaura dizal, sannan a sa ku bayan wani jirgin. Tafiyar da aka rubuta za ta ƙare ƙarfe goma tana iya kaiwa sha ɗaya da rabi. Ka duba lokacin jirgi ko bas na ƙarshe zuwa masaukinka, in tazarar ba ta kai awa guda ba ka kama ɗaki kusa da tashar, kada kuma ka sa jirgin sama da sassafe washegari.